Fili mai araha a bakin titin jirgi

Ka samu inuwa ka zauna, domin maganar tawa tana da ɗan tsawo. Idan ka gaji ka ajiye takardar, gobe ka ci gaba. Ni ma lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci, shafi guda sai ya kai ni kwana biyu.

Ƙanena ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bana Allah ya ba shi wake. Ya sayar, ya haɗa da raguna biyu, ya ce zai sayi fili a birni ya gina ɗaki biyu, don yaransa su samu wurin zama idan sun shiga babbar makaranta. Aka nuna masa wani fili. Kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba. Ya zo mini da murna ya ce in raka shi in sa albarka.

Muka je. Fili ne mai kyau, ba kwari ba ne, ruwa ba ya kwanciya a ciki. Har da wata aduwa a kusurwa. Amma da na tsaya tsakiyarsa na duba gabas, sai na ga titin jirgin sama ya miƙe sak yana kallona kamar bakin bindiga. Tsakanin ƙarshen titin da inda nake tsaye, babu komai sai waya da ƴan gonaki.

Ƙanena ya ce: "Yaya, me ka gani ka yi shiru?"

Na ce: "Na ga abin da ya sa ya yi araha."

Ya yi dariya. Ya ce: "Haba Yaya! Jirgi nawa ke sauka nan a mako? Tun muna yara filin jirgin nan yake nan. Ka taɓa jin ya faɗo a kan wani?"

Gaskiyarsa, ban taɓa ji ba a garinmu. Amma na gani da idona a wani gari. Abin da na gani shi ne zan gaya maka, kai ma ka auna. Mai yiwuwa ne kai ma wata rana a nuna maka irin wannan fili.

Bari in fara da laifina. Ina yaro, awakinmu nake kiwo. Ƙauyenmu yana bayan filin jirgi. Ka san ba a noma a cikin filin, ba a yankan ciyawa. Saboda haka ko da rani, ciyawar ciki ta fi ta ko'ina. Mu yara mun san wani wuri inda wayar shinge ta ɗaga. Nan muke tura awaki, mu ma mu bi su da rarrafe. Wata rana da hantsi ina kwance gindin wata sabara, sai na ji ƙara. Kafin in miƙe, wani ɗan ƙaramin jirgi ya sauko ƙasa ƙasa, awakina kuwa suna tsakiyar kwalta. Na ga tayunsa sun kusa taɓa ƙasa. Sai ya yi wani irin ruri, ya sake ɗagawa sama, ya kewaya. Awaki suka watse. Ni kuma na tsaya ina kallo baki buɗe, har mai gadi ya zo ya kama kunnena.

Da dare babana ya ƙara mini nasa. Amma shi don awaki ya duke ni, wai da an kashe masa su. Ni ma abin da na ɗauka ke nan. Sai bayan shekaru da yawa na gane ba awaki kaɗai suka tsira ba ran nan.

Da na girma ina zuwa ci-rani Kano, kamar yadda dubban mutanen Maraɗi da Damagaram suke yi. Dako nake yi a kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da ƙarafa da kayan gini. Ranar Asabar 4 ga watan Mayu na shekarar 2002, rana ta yi zafi ƙwarai. Da azahar muna neman ruwan alwala, sai muka ji ƙarar jirgi. A wannan gefe na Kano ba mai ɗaga kai don ƙarar jirgi, an saba. Amma wannan ƙarar daban ce, tana kusa, tana kuma yankewa. Sai muka ji wani ƙara mai girgiza ƙasa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama daga wajen unguwar Gwammaja.

Muka ruga. Ba zan gaya maka duk abin da na gani ba, domin akwai abin da ba a rubutawa. Gidaje sun rushe, wuta tana ci, mata suna kiran sunayen ƴaƴansu. Mutanen unguwa suna tonon ƙasa da hannu, suna kawo ruwa a bokiti. Waɗannan sun yi aikin Allah. Amma mu da yawa ba abin da muka yi sai tsayuwa. Mun cika lunguna maƙil. Na ji motar kashe gobara tana kuka a bayanmu, ba hanyar da za ta bi. Ina cikin waɗanda suka tare ta. Har yau idan na tuna, kunya nake ji.

Mutum 77 ne a cikin jirgin, 73 suka rasu. Har da ministan wasanni na Nijeriya, Ishaya Mark Aku. A ƙasa kuma, lissafin hukuma ya ce mutum 30, ko da yake a kwanakin farko an faɗi adadin da ya fi haka. Ka tsaya nan ka yi tunani kan waɗannan 30. Ba su sayi tikiti ba. Ba su yi sallama da kowa ba. Wata tana tuƙa tuwo, wani yana barcin rana, wani yaro yana wanke allonsa. Jirgi ne ya zo ya same su har gida.

A gidan da nake kwana akwai wani dattijo, maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana aiki a filin jirgi kafin ya huta. Bayan abin ya lafa, nakan zauna wurinsa da dare. Wata rana na ce: "Baba, wai me ke kada jirgi? Ba ƙarfe ba ne da inji?"

Ya ce: "Ɗana, jirgi a kan iska yake hawa, kamar yadda kwalekwale yake hawa kan ruwa. Sai ka san halin iska, sannan ka san halin jirgi."

Ya bayyana mini cewa iska tana da kauri. Da sanyin asuba tana da kauri sosai, fukafukin jirgi yana samun abin takawa. Idan rana ta take, iska takan yi sakayau, kamar kunun da aka cika wa ruwa. A lokacin nan jirgi yana bukatar gudu mai yawa da titi mai tsawo kafin ya ɗaga, injinsa kuma ba ya ba da ƙarfi kamar da sanyi. To, ran nan a Kano ana gyaran dogon titi, sai jirgin ya bi gajeren. Masu bincike sun ce bai ɗaga ba har ya wuce ƙarshen kwalta, ya shiga ƙasa, ya ta da ƙura. Injunansa biyu suka sha ƙurar. Ya ɗaga da ƙyar, ƙarfi ya ƙi zuwa, ya faɗa cikin gari.

Akwai wasu na'urori biyu da ake sa wa babban jirgi. Ɗaya tana ɗaukar maganar matuƙa, ɗaya tana rubuta duk motsin jirgin. Ana ce musu baƙin akwati, amma launinsu ruwan lemo ne, don a gan su da sauri cikin tarkace. A wannan jirgi, ɗaya ba a same ta ba, ɗayar kuma ba ta ɗauki komai na wannan tafiya ba. Bayan haɗarin, gwamnatin Nijeriya ta hana irin wannan jirgi ɗaukar fasinja.

Dattijon nan ne ya tuna mini da wani abin da na ji ina ƙarami. A shekarar 1973, babana yana da rediyo, shi kaɗai a unguwarmu. Wata rana na ga manya sun taru a ƙofar gidanmu, ba mai magana. Tsofaffi mata suna salati. A lokacin wasu alhazan ƙasarmu ta Kano suke bi, saboda haka kowa hankalinsa ya tashi. Ga abin da ya faru. Ranar 22 ga Janairu 1973, wani babban jirgi ƙirar Boeing 707 ya ɗauko alhazai daga Jidda. Jirgin na ƙasar Jodan ne, an yi hayarsa. Legas zai sauka, amma yanayin Legas ya ɓaci, aka juya shi zuwa Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi, ya juya, ya kama wuta. Mutum 202 ne a ciki, 176 suka rasu. A lokacin, ba a taɓa yin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamar wannan ba a duniya duka. Mutane ne da suka tara kuɗi shekara da shekaru, suka sauke farali, suka ɗauro tsaraba. Allah ya jiƙansu.

Tun kafin wannan ma an yi wani, ranar 24 ga Yuni 1956, zamanin Turawa. Jirgin wani kamfanin Ingila ne mai suna BOAC, mai fanka huɗu. Ya tashi daga Kano zai nufi Turabulus, daga can ya wuce Landan. Farkon damina ne, hadari ya haɗo. Kai manomi ne, ka san iskar da ke zuwa gaban ruwa, wadda ke kwashe jinka ta kada rumbu. Wani lokaci iskar nan daga cikin gajimare take saukowa kai tsaye, ta doki ƙasa, ta watsu ko'ina, kamar ka juye ruwan tulu a daɓe. Idan jirgi ya shiga cikinta yana ƙasa ƙasa, sai ta danne shi. Haka ta yi wa wannan. Ya kasa hawa, ya doki itace, ya faɗi ba nisa da filin. Cikin mutum 45, 32 suka rasu. Irin wannan iska tana cikin abin da ya kada jirgin da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a ciki, ranar 29 ga Oktoba 2006, jim kaɗan da tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato. Mutanen Ƙonni da Tawa ba su manta da ranar ba.

Akwai kuma maganar soja. Ka san titin jirgi yana da tsada ƙwarai. Shi ya sa a garuruwa da yawa soja da farar hula wuri ɗaya suke amfani da shi. Haka yake a Kano. Haka yake a Yamai, inda sansanin sojan sama yake jikin filin jirgi na Diori Hamani. Jirgin fasinja yana zuwa a natse kamar raƙumi da kaya. Jirgin yaƙi kuwa kamar shaho yake, kafin ka ji ƙararsa ya wuce. Sojan da ke koyon tuƙi kuma yakan sauko ya taɓa titi, ya sake tashi, ya kewayo, ya sake yi, sau da yawa a rana. Mutumin da ke zaune a hasumiyar filin jirgi shi ne ke raba musu hanya ta rediyo, ya ce wane ka jira, wane ka sauka. Ranar 1 ga Maris 1978, wani jirgin fasinja ƙirar Fokker ya taso daga Sakkwato zai sauka Kano. Wani jirgin yaƙi ƙirar MiG-21 yana wannan koyo na sauka da tashi. Suka yi karo a sama. Mutum 18 ne a jiragen biyu, ba wanda ya fita.

Mu ma nan Nijar ba mu tsira ba. A watan Afrilu na 1997, wani babban jirgin sojanmu mai ɗaukar kaya, ƙirar C-130, ya faɗi dab da isowa Yamai, mutum 14 suka rasu. A watan Disamba na 2022, wani jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi wajen sauka a sansanin Yamai, ya ci mutum 3. Filin jirgin Agadas kuwa, sunan Mano Dayak aka sa masa, wanda shi ma a haɗarin ƙaramin jirgi ya rasu cikin duwatsun Abzin a watan Disamba na 1995.

To, ka koma baya ka duba na Kano guda huɗu. Ɗaya iska, ɗaya ƙafa ta karye, ɗaya karo, ɗaya zafi da ƙura. Dalili ba ɗaya ba ne. Amma wuri ɗaya ne. Biyu wajen tashi, biyu wajen sauka. Ba wanda ya faru can tsakiyar sama. Masana sun ce haka abin yake a duniya: yawancin haɗarin jirgi wajen tashi ne ko wajen sauka. Dalilin a fili yake. Idan jirgi yana can sama wani abu ya lalace, matuƙi yana da lokacin tunani, yana da lokacin neman wurin sauka. Idan kuwa yana kusa da ƙasa, kafin ya ƙifta ido ya iso. Kuma yawanci ba gefe yake zuwa ba. Inda titi ya nuna, nan yake zuwa, kamar yadda ruwa ke bin ƙorama.

Kada ka fahimce ni a karkace. Ban ce ka ji tsoron shiga jirgi ba. Idan Allah ya kira ka Makka, ka shiga da zuciya ɗaya. Haɗarurrukan Kano da na lissafa maka, daga na farko zuwa na ƙarshe shekara 46 ne. A cikin shekarun nan jirage sun sauka sun tashi lafiya ba iyaka, ba wanda ya ba da labarinsu. Motar kasuwa da kake hawa samanta kowane mako, kana zaune kan buhun gero ƙafafunka suna reto, ta fi jirgi haɗari nesa ba kusa ba. Ni kaina na binne ƴan'uwa uku da mota ta kashe, ban binne ko ɗaya na jirgi ba. Maganata a kan wanda zai kwana a bakin titin ne, yau da gobe, shi da ƴaƴansa da jikokinsa.

Akwai kuma abin da ke hannunmu, mu maƙwabtan filin jirgi. Na farko waya. Makon jiya na bi ta bayan filin garinmu, na ga an yanke ta wuri uku. Wani don hanyar babur ta yi masa kusa, wani ya kwashe ya yi wa garkarsa shinge. Na ga sawun shanu ya shiga ciki. Na ga yaro da awaki, kamar ni ne aka maido baya. Jirgin da ke sauka gudunsa ya fi kilomita 200 a awa. Da wannan gudu, idan ya doki saniya, kamar ya doki bango ne.

Sai maganar juji. Wannan ban san da ita ba sai da dattijon nan ya gaya mini. Inda aka zuba shara, ko mushe, ko kayan cikin dabba daga mahauta, nan ungulu da shirwa da hankaka suke taruwa. Injin babban jirgi kuwa iska yake zuƙa da ƙarfi. Tsuntsu guda idan ya shige ciki yana iya kakkarya fankar injin. Da na ji haka na yi mamaki, wai ungulu ta kada ƙarfe. Amma gaskiya ne. Shi ya sa ake hana juji kusa da filin jirgi, ba don ƙyama ba. Haka nan ƙona daji da ƙona kara: hayaƙin yana rufe wa matuƙi ido, balle da hunturu, lokacin da hazo ya riga ya rage gani.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, jirgi ya faɗi kusa da ƙauyenku, kada ka yi irin tawa. A aika da sauri a gaya wa maigari da jandarma. Wanda zai iya jawo mai rai daga nesa da wuta, ya jawo. Sauran kowa ya ja baya, a bar hanya. Man jirgi ɗan'uwan kananzir ne, cike yake a cikin fukafukai, yana iya tashi bayan an zaci wuta ta mutu. Idan jirgin soja ne, yana iya kasancewa da harsashi ko bom a jikinsa. Kada yara su tsinci ƙarfe su kai wa maƙeri ko mai sayen gwangwani. Guntun ƙarfen da ka raina, wataƙila shi ne zai gaya wa masu bincike abin da ya faru, a gyara sauran jirage.

Duk wannan na gaya wa ƙanena, muna zaune gindin aduwar nan. Ya saurara har na gama, domin yana da ladabi. Sannan ya ce: "Yaya, idan kwana ya ƙare, ko a cikin rumbu ka ɓuya sai ya same ka."

Na ce: "Haka ne. To, me ya sa ka ɗaure bakin rijiyar gidanka da itace lokacin da ɗanka ya fara rarrafe?"

Bai amsa ba. Can ya ce: "Kai kana da gida. Ni kuɗina nan suka kai ni. In ban saya ba, gobe wani zai saya, ni kuma in ci gaba da biyan haya."

Nan ni ma na rasa amsa. Mutanen Gwammaja ba wawaye ba ne. Gari ne ya girma, ya yi ta matsawa har ya kewaye filin jirgi. Talaka ba ya zaɓen inda yake so, inda kuɗinsa suka kai shi yake zama. Kuma wanda ya yanka filayen nan yana sayarwa, shi ba a nan zai kwana ba.

Abin da muka tsayar shi ne wannan. Ba zai ba da ko dala ba sai mun je ma'aikatar magajin gari mun tambaya ko wurin yana cikin inda aka yarda a yi gini, kuma mu ga takarda da idonmu. Yanzu mun iya karatu, ba mai karanta mana abin da babu. Idan an ce an hana, magana ta ƙare. Idan an ce an yarda, na gaya masa zan sayar da ɗan bijimin da nake turka, in ƙara masa, mu nemi wani fili a gefe, ko da ya fi wannan ƙanƙanta. Matata ba ta ji wannan magana ba tukuna, bijimin kuwa da kuɗinta a ciki.

Muna shirin tashi sai ga jirgi ya taso daga yamma zai sauka. Ya bi ta kanmu. Inuwarsa ta rufe filin duka, ganyen aduwa ya yi ta kaɗawa, har muna ganin tayunsa da rubutun da ke cikinsa. Ƙanena ya dafe hularsa da hannu biyu. Ɗansa da ya biyo mu yana tsalle yana ɗaga wa jirgin hannu. Ranar Litinin za mu je ma'aikatar.